Wunti: Ƙofa Ce Tun Kafin Ta Zama Kasuwa

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk Babaucen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Anaca, in aka ambaci Wunti a gabansa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kasuwa. Wani zai tuna rumfunan 'yan yadi da na teloli, wani kuwa masar da ya saba karya kumallo da ita. Ba laifinsu ba ne, gama kasuwar ta cinye sunan. To, amma Wunti ta girmi kasuwarta nesa ba kusa ba, kuma yau labarin da muka kawo muku ke nan.

Asalin maganar yana komawa ga Malam Yakubu, Sarkin Bauci na farko. Shi Bagere ne, ɗan ƙasa, wanda ya yi shekaru yana karatu a gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗagel. Cikin manyan masu tutar jihadi, shi ne wanda ba Bafillace ba. Bayan ya komo gida da tuta ya zauna a Inkil, daga bisani a 1809 ya kafa birnin Bauci a filin da ke tsakanin duwatsu, inda aka ce wani maharbi mai suna Baushe yake zaune. Ya kewaye garin da ganuwar ƙasa mai tsawon fiye da mil 6, aka fitar mata da ƙofofi, irin su Ƙofar Ran, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Dumi, da Ƙofar Nasarawa, da Ƙofar Jahun, da kuma Ƙofar Wunti. Dattawan gari kan danganta sunan da Fulanin Wunti, kuma har gobe akwai Wuntin Dada a bakin hanyar Jos.

A wancan zamani ƙofa ba ado ba ce. Nan ake tsare fatake a ji daga ina suke, nan ake karɓar abin da za a karɓa, in rana ta faɗi a rufe, wanda ya makara ya kwana a waje. Inda kuwa ake tsayar da jaki da kaya, ba a rasa mai sayar da fura da mai neman ciniki. Haka ƙofa kan haifi kasuwa a ƙasar Hausa, ko a Kano ko a Zariya.

Garin ya yi suna har Turai. Wani Bajamushe, Eduard Vogel, ya iso shi a 1855, shekara 10 bayan rasuwar Yakubu, kuma a taswirorin Turawa na lokacin Yakoba suke rubutawa, watau garin Yakubu. A 1902 sojan Ingila suka shigo, suka tuɓe Sarki Umaru. Tun daga ran nan ganuwa ta rasa aikinta na tsaro. Turawa suka yi barikinsu a bayan gari, baƙi suka yi ta sauka a waje, sai wuraren da dā suke bakin gari suka wayi gari a tsakiya. Wunti tana cikinsu.

Abu biyu suka ƙara mata gudu. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Bauci a 1961 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne ƙirƙiro Jihar Bauci a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed. Kafin nan hedkwata tana Maiduguri, babban birnin Jihar Arewa maso Gabas. Dare ɗaya sai ga ma'aikata, da 'yan kwangila, da masu neman aiki, kowa da iyalinsa, kowa kuma sai ya ci ya sa sutura. Kasuwar Wunti ta buɗe baki ta karɓe su.

Wanda ke son sanin halin wurin, ya tsaya a shataletalen Wunti da hantsi. Ga mai Keke Napep yana kiran fasinja, ga 'yan dako da baro, ga almajirai, ga matan ƙauye da kayan miya. Cikin kasuwa za ka iske Bahaushe da Bafillace da Bajare da Basaye, ga Inyamuri a shagonsa, ga Bayarabe a nasa, duk da Hausa ake ciniki. Ku da ke zaune a Kudu kun fi kowa sanin daɗin baƙo ya sami rumfa a garin wasu ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba. Wunti ta daɗe tana yi wa mutanen Kudu abin da Sabon Badun ta yi wa namu.

Masa kuwa ba sai an faɗa ba. Kano da Katsina suna cewa waina, amma in aka zo batun masar shinkafa da miyar taushe, ko da ƙuli da man shanu, ko Bakano sai ya sara wa Bauci. Mata da yawa da kuɗin tanda suka aurar da 'ya'ya, suka sa wasu a makaranta.

Ba nisa daga nan filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, gidan ƙungiyar Wikki Tourists. An buga wasannin cin kofin duniya na matasa a cikinsa a 1999, aka kuma buga na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ranar da ake wasa, masu rake da masu tsire na yankin sai hamdala.

Sai dai akwai abin dubawa. Ganuwar Yakubu ta ƙare a wurare da dama. Ruwan sama ya ci rabonsa, amma hannun mutane ya fi yin ɓarna: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya ja katangar gidansa ya hau kanta. Yaro ɗan shekara 15 a yau zai kai ka Wunti ido rufe, amma ka ce ya nuna maka inda ganuwa ta bi, sai ya yi zuru.

Ga kuma cunkoso. Bayan sake zaɓensa a 2023, Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a aikin gadar sama a shataletalen Wunti da na Babbar Kasuwa. Ba mai musun cewa hanyar ta yi wa motoci kaɗan. Amma a ganina, duk lokacin da za a faɗaɗa titi a irin wannan wuri, kamata ya yi a fara da tambayar ina mai tebur da mai tanda za su koma, domin su ne ba su da takardar fili, su ne kuma ba su da jarin jiran a gama aiki.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna aiko da kuɗi gida ana yi musu gini a cikin birni. Wanda filinsa ya yi iyaka da ragowar ganuwa, ya ja kunnen magininsa ya bar ta inda ya same ta. Fadar Mai Martaba Sarkin Bauci, Alhaji Rilwanu Sulaiman Adamu, wanda ya hau gadon Yakubu a 2010, da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, su ke da ikon shata abin da ya rage, su kafa alama a kowace ƙofa da sunanta da shekarar da aka kafa garin.