Dambe da Inuwa

Hausawa sun san dambe tun kaka da kakanni. Wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da tsumma da igiya. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗayan kuwa a buɗe yake, a miƙe gaba, sunansa garkuwa.

Akwai kuma damben zamani, wanda ake ce wa boxe da Faransanci. A nan ana sa safa mai taushi a hannu biyu, duka biyun suna naushi, kuma ba a shuri. Da wannan dambe ne Issaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olamfik na 1972 a birnin Munik na Jamus. A nan Burkina ma, tsofaffin Zangon Wagadugu, waɗanda aka tayar a 2003 suka dawo Waga 2000, ba su manta da Nabaloum Dramane ba, wanda ake wa laƙabi da Bum-Bum. Ku tambaye su.

To, yaya yaro zai koyi wannan dambe a gida, ba safa, ba fili? Tsakar gida ta isa. Abokin karawarsa kuwa inuwarsa ce. Manyan ƴan dambe irin su Muhammad Ali duk sun yi dambe da inuwa.

A fara da tsayuwa. Mai amfani da hannun dama ya sa ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tazararsu kamar faɗin kafaɗa. Bahago ya juya. A ɗan lanƙwasa gwiwa. A dunƙule hannuwa kusa da kumatu, gwiwoyin hannu su rufe haƙarƙari, haɓa ta sunkuya. Wannan tsayuwa ita ce garde. Kun ga hannun gaba ya koma garkuwa, na baya ya koma mashi, kamar dai a damben gargajiya.

Kowane naushi yana da lamba. Ɗaya: hannun gaba ya tafi a miƙe. Biyu: hannun baya ya tafi a miƙe, ƙugu yana juyawa, dunduniyar baya tana ɗagawa. Waɗannan su ne direct. Uku: hannun gaba ya zo ta gefe a lanƙwashe kamar ƙugiya, shi ne crochet. Sai a haɗa su. Ɗaya, biyu. Ɗaya, ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu, uku. Ƙanenka ko ƙanwarka ta riƙa kiran lambobin, kai kana yi. A fara sannu a hankali, a fitar da numfashi tare da kowane naushi. Kada a miƙe gwiwar hannu sarai, domin naushin da bai sami komai ba yakan sa ta ciwo.

Ku lura da wannan sosai, don a nan ne yara da yawa suke kuskure. Duk hannun da ya fita, ya komo kumatu ta hanyar da ya bi, da sauri. In hannun dama ya tafi, na hagu yana gadin fuska. In na hagu ya tafi, na dama yana gadi. Yaro yakan yi zumuɗin naushi, ya saki hannuwansa su sauka ƙirji. A fili, wannan ne lokacin da ake samun haɓarsa. Duba inuwarka a jikin bango da hantsi ko da la'asar. In ka ga kanta tsirara, hannuwa a ƙasa, to, an buge ka ke nan.

Bayan garkuwa sai kaucewa, wato esquive. Igiyar shanya ta isa, amma a nemi izinin Inna tukuna. A ɗaura ta daidai kafaɗa. Ka tsaya kanka yana damanta, ka lanƙwasa gwiwa, ka bi ta ƙarƙashinta, ka ɓullo ta hagu, ka yi taku ɗaya gaba, ka komo. Gwiwa ce ke lanƙwasawa, ba ƙugu ba, ido yana kallon gaba. In ka iya, sai ka ƙara ɗaya, biyu duk sanda ka ɓullo.

Manya suna yin turmi na minti uku, su huta minti ɗaya. Ɗan makaranta ya yi minti ɗaya, ya huta, har sau uku. A watan Maris da Afrilu zafin Wagadugu yakan wuce digiri 40, saboda haka a yi da sassafe ko da yamma, a sha ruwa.

Kada a naushi bango ko buhun yashi. Ƙasusuwan wuyan hannun yaro ba su gama ƙwari ba. Kada kuma a gwada a kan ƙane ko aboki. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, naushi a kai yana girgiza ta cikin ƙoƙonta, wani raunin kuma ba ya warkewa. Wanda yake son karawa da mutum, sai iyayensa su kai shi wurin mai horarwa, inda ake sa safa da hular kariya da robar haƙori.