Shirin Birnin Kofenhagen na Tunkarar Mamakon Ruwan Sama

A ranar 2 ga Yuli, 2011, an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kofenhagen, babban birnin Danmak, har magudanan ƙarƙashin ƙasa suka tumbatsa, ruwa ya mamaye tituna da gidaje. A 2012 hukumar birnin ta fito da tsarin tunkarar irin wannan mamako, wanda ake hasashen zai yawaita saboda sauyin yanayi. Hikimar tsarin, a ganin wannan nazari, ita ce rashin dogaro ga faɗaɗa bututu kaɗai, aikin da ke cin kuɗi ainun. An sake fasalin wasu tituna domin su kora ruwa zuwa teku. Filin shaƙatawa na Enghaveparken kuwa, an gyara shi ya riƙa tare ruwa na ɗan lokaci, idan ya tsane jama'a su koma wasanninsu.