Shin Ko Kun San? Daga Maiduguri Zuwa Jidda Ta Sama

Shin ko kun san nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Maiduguri da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda? Kilomita 3,000 ne, har da ɗan ragi! Wato kimanin awa huɗu a cikin jirgi. Maniyyaci ya karya kumallo a Borno, ya sallaci Azahar a ƙasar Saudiyya.

Amma fa ku lura da agogo. Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Ka tashi ƙarfe 8 na safe, ka sauka ka tarar ƙarfe 2 ta yi. Ina awa biyun suka shiga? Suna nan, a hanyar dawowa za a maido maka abinka!

Ga wadda ta fi ba ni mamaki. Daga Legas zuwa Jidda kimanin kilomita 4,200 ne. Daga Legas zuwa Maiduguri kuwa kimanin 1,200. Ku haɗa 1,200 da 3,000, me kuka samu? Ashe in aka ja zare a miƙe daga Legas zuwa Jidda, kusan ta kan Maiduguri zai bi! Tun bai bar gida ba, alhajin Borno ya riga ya ci fiye da rubu'in tafiyar ɗan Legas.

Zaren nan yana ɗan taɓa arewacin Kamaru, ya ratsa Cadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Ruwan kuwa bai fi kashi ɗaya cikin goma na tafiyar ba. Galibin sauran yashi ne da duwatsu.

Ita ce fa hanyar kakanni! Ta nan mahajjata suka riƙa bi da ƙafa, da jakuna da raƙuma, ta Abeshe da Alfashir har Suwakin. Wani ya shekara biyu, wani fiye, yana tsayawa ya yi noma ya tara guzuri. Wasu ma a Sudan suka yada zango har abada, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa da Kanuri. Abin da ya ci musu shekaru, yau kafin ka gama gyangyaɗi an ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Allahu Akbar!

A 1925 ma, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar ta Maiduguri suka bi kafin su isa Kano.

A 2023 kuwa yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Ƙarin ɗaya: Injamena tana kimanin kilomita 200 ne kacal daga Maiduguri ta sama, Abuja kuwa fiye da 700. Ku gwada tambayar abokanku a majalisa yau da yamma, ku ga mutum nawa za su canka daidai!