Makaɗan Da Ke Neman Abinci A Gidajen Tsofaffi

A ƙasar Ingila akwai wani irin makaɗi wanda ba za ka ji sunansa a rediyo ba, ba kuwa za ka ga hotonsa a jarida ba. Da rana yakan sa jitarsa da 'yar lasifikarsa a bayan mota, ya nufi gidan kula da tsofaffi. Waɗannan gidaje, ya mai karatu, wurare ne inda ake ajiye waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ma'aikata suna yi musu wanka, suna ba su abinci da magani dare da rana. A babban falo za a jera masa masu sauraro, waɗansu a keken guragu, waɗansu suna gyangyaɗi. Zai yi musu waƙa wajen awa ɗaya, ya naɗe kayansa, ya wuce gida na gaba. Da wannan yake ci da iyalinsa.

A nan babu liƙi, babu kari irin na biki. Ma'aikacin da ke shirya wa tsofaffin abubuwan nishaɗi shi ne yake kiransa, su yi ciniki, gidan kuma ya biya daga ɗan kason da aka ware. Kuɗin ba shi da yawa, kuma daga ciki ne zai sayi man mota, ya gyara kayan kiɗa, ya biya haraji da inshora, gama shi ba ma'aikacin kowa ba ne. Gidaje da yawa ma sai sun ga takardar shaidar cewa an bincika tarihinsa kafin su bar shi ya shiga. Saboda haka dole ya riƙe gidaje masu yawa, ya yi ta zagayawa. Watan Disamba shi ne kakarsa, domin kowane gida yana son waƙoƙin Kirsimeti. A sauran watanni waɗansu sukan haɗa da koyar da yara kiɗa.

Aikin yana da asali. Tun 1948 aka kafa wata ƙungiya a Birtaniya mai kai mawaƙa asibitoci, wadda yanzu ake kira Music in Hospitals & Care. Sai kuma Yehudi Menuhin, shahararren mai gogen Turawa, wanda a 1945 ya yi kiɗa ga waɗanda suka tsira daga sansanin azaba na Belsen a Jamus. A 1977 shi da abokinsa Ian Stoutzker suka kafa Live Music Now. Ƙungiyar takan gwada matasan makaɗa, ta horar da su, ta aike su gidajen tsofaffi da asibitoci da makarantun yara masu naƙasa, ta kuma biya su. A ganina wannan biyan shi ne hikimar abin, domin mai aikin sa kai yakan zo yau, gobe ya gaji.

Amma gwaninta da tsirkiya kaɗai ba ta isa ba. Da yawa daga cikin masu sauraron suna fama da gigin tsufa, watau ciwon mantuwa. Akwai wadda ba ta ƙara gane ɗan da ta haifa ba, amma da an ɗauko waƙar zamanin 'yanmatancinta, ko wata tsohuwar waƙar sujada, sai ka ga leɓunanta suna motsi, tana bin baiti bayan baiti. Likitoci sun lura cewa waƙar da mutum ya saba da ita takan daɗe a ƙwaƙwalwa bayan sauran abubuwa sun shuɗe. Mawaƙin nan na Amurka, Tony Bennett, an gano yana da ciwon a 2016, duk da haka a watan Agusta na 2021, yana da shekara 95, ya tsaya a dandali a birnin New York ya rera waƙoƙinsa. Mu da muka san labarin Dawuda da garayarsa a gaban Sarki Saul ba za mu yi mamaki sosai ba.

Don haka makaɗin yakan ajiye waƙoƙin da shi yake so, ya koyi na zamanin da masu sauraronsa suke samari. Yakan rage murya saboda masu na'urar ji, ya durƙusa kusa da keke, ya kira mutum da sunansa. In wata ta fashe da kuka, sai ya san ko ya ci gaba ko ya sauya waƙa. In wani ya tashi ya fita a tsakiyar baiti, ba abin fushi ba ne.

Raunin sana'ar ya fito fili a watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofin gidajen nan ga baƙi. Cikin 'yan kwanaki aikin ya tsaya cak, ga shi babu albashin da za a dogara a kai. Waɗansu suka koma waƙa ta intanet, waɗansu suka riƙa tsayawa a farfajiya cikin sanyi, tsofaffin suna leƙowa ta taga. Da aka sake buɗe ƙofofi suka koma falo, suka tarar kujeru da yawa na waɗanda suka saba neman a maimaita musu waƙa babu kowa a kai.