Gidan Gandu a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya tashi a gidan gandu, inda uba da 'ya'ya da jikoki ke noma gona ɗaya suna ɗiba daga rumbu ɗaya, ba zai sha wuyar gane tsibirin Tristan da Cunha ba. Ya dai cicciɓi gidan nan da katangarsa, ya dire shi can kudancin tekun Atilantika, sannan ya toshe zauren. Maƙwabcin da za a aika yaro ɗibar wuta wurinsa, wato tsibirin Saint Helena, yana da nisan kilomita wajen 2,400. Babu filin jirgin sama. Daga Cape Town ta Afirka ta Kudu jirgin ruwa kan yi kamar kwana shida a hanya, kuma zuwan nasa bai cika wuce sau goma a shekara ba.

Mutanen gidan ba su kai 300 ba, duk a gari ɗaya. Maigidan farko wani sojan Birtaniya ne, William Glass. An girke sojoji a wurin a 1816, da aka zo kwashe su sai ya ce shi da iyalinsa sun ga wurin zama. Yarjejeniyar da ya ƙulla da abokansa a 1817 ta gandu ce sak: aiki tare, rabo daidai, kada wani ya ɗaga wa wani kafaɗa. Sauran dangin yawanci teku ce ta kawo su. Wasu 'yan Italiya biyu jirginsu ya tarwatse a 1892, suka zauna suka yi aure, har yau ana amsa sunayensu, Repetto da Lavarello.

Ƙasar tsibirin ta kowa ce, baƙo ba ya saye komai kuɗinsa. Makiyaya ɗaya ce, saboda haka an ƙayyade shanun da kowane gida zai ajiye, don kada saniyar mai hali ta cinye ciyawar marar hali. Amma ai gandu ba ya hana gayauna. Can gefen gari akwai 'yan fegin dankalin Turawa, kowanne an kewaye shi da duwatsu saboda iska, kowane iyali da nasa. Dankalin nan shi ne geronsu, da shi ake tuwo da shi ake kyauta.

Kanti ɗaya ne, shi ne rumbun. Ana rubuta odar kaya watanni kafin jirgi ya taso, in lissafin sukari ya kuskure sai a sha shayi haka nan. Ko jirgin ya iso ma ba a gama ba, domin gaɓar tasu ba ta ɗaukar babban jirgi. Can nesa yake tsayawa ana jigila da ƙananan kwale-kwale, in teku ta yi fushi ya kwana biyu ko uku yana kallon gari, gari na kallonsa.

Kuɗin gidan daga wani ƙaton jatan lande suke fitowa, wanda ake daskarewa a kai ƙasashen waje, sai kuma kan sarki da masu sha'awar tarawa ke saye. Ranar da teku ta kwanta, da asuba ake buga ƙarfe, kamar dai yadda maigida ke ƙwanƙwasa ƙofofi ranar shuka. Ma'aikacin ofis ya ajiye biro, makanike ya ajiye sifana, a faɗa ruwa. Da yamma mata su karɓi aikin a masana'anta. Mutum ɗaya yakan riƙe sana'a uku, don babu wanda za a ɗauko haya.

Makaranta ɗaya, asibiti ɗaya mai suna Camogli, sunan garin 'yan Italiyan nan. Likita daga waje yake zuwa a kan kwantiragi, ciwon da ya fi ƙarfinsa kuwa sai a jira jirgi. Nan ne daɗin gandun yake raguwa, kowa ya sani.

Murhun gidan shi ne abin tsoro, domin tsibirin gaba ɗaya dutse ne mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 2,000. A 1961 ya tafasa daf da gari, aka kwashe kowa zuwa Ingila. Suka ga talabijin da motoci da kantuna, suka sha mura, aka yi zaton sun zauna ke nan. Da aka ba su zaɓi, kusan dukansu suka ce gida, suka koma a 1963. Mu da gandunmu ke watsewa saboda kowane saurayi ya hango birni, sai mu yi shiru a nan.

Kuma rumbu ba ya rasa ɓera. Nasu daga wani jirgin da ya fashe a 1882 suka sauko, suka addabi dankali da ƙwan tsuntsaye. Shi ya sa ake ware rana guda a shekara, maza su kasu rukuni-rukuni da karnuka, da yamma a ƙirga wutsiyoyi, mai mafi yawa da mai mafi tsawo su ci kyauta. A tsibirin Gough da ke ƙarƙashinsu abin ya wuce wasa, ɓeraye suna cin 'ya'yan manyan tsuntsayen teku da ransu. A 2021 aka watsa guba ta jirage masu saukar ungulu a tsibirin kakaf, bayan 'yan watanni kyamara ta ɗauko ɓera yana yawonsa.