Tunawa da Wangari Maathai, Uwar Itatuwa ta Ƙasar Kenya

'Yan'uwa manoma, a kowace ƙungiyarmu akwai matan da suke tashi tun assalatu su ɗebo ruwa, su nemo itacen wuta, sa'an nan su bi mu gona da goyo a baya. Ba safai ake rubuta labarinsu ba. A wannan fitowa muna so mu tuna da wata mace 'yar ƙasar Kenya, wadda ta fara babban aikinta daga wahalar irin waɗannan mata. Sunanta Wangari Maathai. Ta rasu ran 25 ga Satumba 2011 tana da shekara 71. Ta bar 'ya'ya uku da jika, ta kuma bar itatuwa miliyoyi a gonakin talakawa. Mutanen ƙasarta suna kiranta Mama Miti da harshen Swahili, watau Uwar Itatuwa.

Ƙuruciyarta

An haife ta ran 1 ga Afrilu 1940 a ƙauyen Ihithe, cikin gundumar Nyeri, a ƙasar Kikuyu. Mahaifinta direba ne kuma makaniki a gonar wani Bature kusa da Nakuru. Mahaifiyarta kuwa manomiya ce, a wurinta Wangari ta koyi riƙe fartanya da zaɓen iri.

Kusa da gidansu akwai wani babban ɓaure, a gindinsa kuma akwai ƙorama inda take ɗebo ruwa tana wasa da ƙwan kwaɗi. Mahaifiyarta ta hana ta ɗibar ko da busasshen reshe daga wannan itace, gama Kikuyu suna girmama shi ƙwarai. Bayan shekaru da yawa ta komo ta tarar an sare ɓauren domin a faɗaɗa gona, ƙoramar kuwa ta ƙafe. A lokacin ne ta gane hikimar tsofaffi. Saiwar babban itace tana riƙe ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanya.

Ba ta shiga makaranta ba sai da ta kai shekara takwas. Wanta ne ya tambayi mahaifiyarsu dalilin da ya sa ita ba ta zuwa kamar 'yan'uwanta maza, uwar kuwa ta yarda. Daga nan ta yi karatu a hannun sistocin Katolika a Mathari da Limuru. A 1960 ta sami zuwa Amurka, ta komo a 1966 da digiri biyu a ilimin halittu.

Aiki da goyo

Ta yi aure a 1969. Ta haifi ɗanta na fari a 1970, ta haifi 'ya mace a 1971, na ukun kuma a 1974. A wannan shekara ta 1971 ce ta gama digirin dakta a Jami'ar Nairobi, a kan ilimin sassan jikin dabbobi. Ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Gabas da Tsakiyar Afirka. Duk matar da ta taɓa haɗa aiki da reno ta san abin da wannan yake nufi. A jami'ar ma sai da ta yi gwagwarmaya domin a ba mata ma'aikata haƙƙoƙi daidai da na maza.

Aikinta yakan kai ta karkara tana tattara kaska daga jikin shanu, domin binciken wata cuta da kaska ke yaɗawa. Tana cikin wannan sai ta lura da abin da ya fi kaskar damun dabbobin. Shanun sun rame saboda rashin ciyawa. Koguna sun yi ja da laka, gama ruwan sama yana kwashe ƙasar gona daga tuddan da aka sare itatuwansu.

A tarurrukan majalisar mata ta ƙasar Kenya kuma ta ji kukan matan ƙauye. Itacen wuta ya yi nisa, ruwan sha ya ragu. An cika gonaki da ganyen shayi da kofi na sayarwa, abinci ya yi ƙaranci. Saboda rashin itace, uwaye suna barin abincin gargajiya mai daɗewa a wuta suna dafa abin da zai nuna da sauri, yara kuwa suna ramewa. Amsar da ta ba su gajeriya ce: a dasa itatuwa. Itace yana ba da makamashi da inuwa da 'ya'ya da abincin dabbobi, yana kuma tsare ƙasa daga zaizaya.

Itace bakwai

Ba a fara da nasara ba. Wani kamfanin dasa itatuwa da ta kafa a 1974 ya rushe. Amma ran 5 ga Yuni 1977 ita da matan majalisar suka dasa itace bakwai a filin Kamukunji cikin Nairobi. Biyu kaɗai suka rayu. Daga nan ne ƙungiyar Green Belt Movement ta taso. An ba ta wannan suna ne domin ana jera itatuwa sahu-sahu kewaye da gonaki da makarantu da majami'u, su zama kamar koriyar ɗamara.

Da farko an gayyaci ma'aikatan gandun daji su koya wa mata renon dashe. Suka zo da dogon bayani na littafi da kayan aiki waɗanda ba a samu a ƙauye. Sai Wangari ta tuna wa matan cewa sun saba shuka hatsi da wake tun suna yara, irin itace kuwa iri ne kamar sauran. Matan suka shiga tsinto iri daga itatuwan da ke yankinsu. Suka yi reno cikin fasassun tukwane da tsofaffin gwangwanaye, suka ɗora su a kan rumfa don kada kaji da awaki su ci. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta. Wangari takan kira su ma'aikatan daji marasa takardar shaida.

Ga kuma dabarar da muke so ƙungiyoyinmu su lura da ita sosai. Ba a biyan mace domin ta tona rami ta sa dashe. Sai an komo bayan wasu watanni an ga itacen yana raye, sa'an nan a ba ta ɗan kuɗi, kimanin senti 4 na kuɗin Amurka a kan kowane itace a wancan lokaci. Kuɗin kaɗan ne, amma na hannunta ne, yakan kuma shiga kuɗin makaranta ko cefane. Saboda haka kowace mace ta riƙa bin dashenta gida-gida, tana tabbatar an ba shi ruwa an kuma kange shi. Uwa ce ta tsara wannan hanya, ta san cewa ranar haihuwa farkon aiki ce kawai, reno shi ne sauran.

Abin da ta biya

Kada mu ɗauka ta yi wannan duka cikin jin daɗi. Mijinta ya bar gida a 1977, aka raba auren a kotu a 1979. Da ta soki alƙalin a wata hira, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta yi kwana uku a kurkuku kafin a sake ta. Kuɗin shari'a ya cinye abin hannunta. Tilas ta karɓi wani aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya mai yawan tafiye-tafiye, wanda ofishinsa yake Lusaka a ƙasar Zambiya. Ba ta iya tafiya da yara ba, sai ta kai su wurin mahaifinsu. Suna can har 1985, tana zuwa tana duba su. A 1982 kuma ta ajiye aikin jami'a domin ta tsaya zaɓe, aka hana ta tsayawa, jami'ar ta ƙi mai da ita, aka kuma fitar da ita daga gidan ma'aikata.

A 1989 gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi ta shirya gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru, inda talakawan Nairobi suke hutawa da 'ya'yansu. Wangari ta yi ta rubuta wasiƙu tana ƙin yarda. Aka zage ta a majalisa, aka yi mata gori da mutuwar aurenta, aka kori ƙungiyarta daga ofis har ta mai da gidanta ofis. A 1990 masu kuɗin ƙasashen waje suka janye, ba a yi ginin ba.

A 1992 ta tsaya tare da wasu tsofaffin mata waɗanda aka ɗaure 'ya'yansu saboda siyasa. Suka zauna a wani lungu na filin Uhuru suka ƙi cin abinci. 'Yan sanda suka watsa su da barkonon tsohuwa da kulki, aka doke ta har ta suma. Uwayen suka koma babbar majami'ar All Saints da ke kusa, ikilisiya ta ba su mafaka wajen shekara guda, har aka saki 'ya'yansu a farkon 1993. A Janairu 1999 ma an fasa mata kai sa'ad da ta je dasa itace a dajin Karura, wanda ake rarraba wa manya a ɓoye.

Mahaƙurci mawadaci. A 2002 mutanen Tetu suka zaɓe ta zuwa majalisar dokoki da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'u, ta zama mataimakiyar ministan muhalli. A 2004 aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka da ta same ta. A lokacin ƙungiyarta ta riga ta dasa itatuwa fiye da miliyan 30. Ranar da labarin ya iske ta a Nyeri, itace ta dasa. Ciwon daji ne ya yi ajalinta. Ta bar wasiyya kada a sare itace domin akwatin gawarta, saboda haka aka saƙa shi da gora da ciyayin ruwa. 'Yarta ta ci gaba da hidimar dasa itatuwa bayanta.

Abin da ya rage gare mu

Mun san nisan da matanmu da 'ya'yanmu mata suke tafiya neman itace. Mun kuma san yawan dashen da aka raba a bukukuwan dasa itatuwa, aka tafa hannu, awaki suka cinye kafin kaka. To, ga shawararmu ga kowace ƙungiya.

Na ɗaya, a taro mai zuwa a ba mata dama su fara magana. A tambaye su wane itace ne ya ɓace daga dajinmu, wanne kuma suke so ya dawo. Tsofaffin mata sun san lokacin da ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo suke zubar da iri, sun san inda kowannensu yake son tsayawa.

Na biyu, a kafa wurin renon dashe kusa da rijiya tun da rani, kamar wata uku kafin ruwa ya zauna, domin dashe ya yi ƙarfi kafin a kai shi gona. Zumuntar mata tana iya riƙe shi, matasa kuma su yi shinge su jawo ruwa.

Na uku, magatakarda ya buɗe littafi. A rubuta sunan mai dashe da irin itacen da wurin da aka sa shi. Kada a yi ƙirga ranar dasawa. A jira rani ya wuce, a zaga a ƙirga masu rai, a kan waɗannan ne ƙungiya za ta ba da lada daga asusunta, ko da kaɗan ne.

Na huɗu, ku maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan matarka tana bakin aikin ƙungiya, ka kula da yara, ka kuma bar 'yarka ta tafi makaranta. Tambayar ɗan'uwa guda da yardar uwa guda ne suka buɗe wa Wangari hanya.

Ƙungiyar da ta gwada wannan, ta aiko mana da lissafinta bayan rani: nawa aka dasa, nawa suka rayu, wace ce kuma ta fi kowa reno. Za mu buga shi a nan domin sauran ƙungiyoyi su gani su yi koyi.