Sanyin Firij da Kayan Gwari: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Tumatir da mangwaro da ayaba suna da iyakar sanyin da suke iya ɗauka. Idan ɗanyensu ya daɗe a ƙasa da kimanin digiri 13, yakan fara lalacewa tun daga ciki, alhali firij na gida yana wajen digiri 4 ne. Nan ne tushen maganganu da dama da ke yawo tsakanin masu kayan gwari na Kafin Hausa da fadamun Haɗeja.

Ana cewa ayabar da ta yi baƙi a firij ta zama guba. Ba haka ba ne. Sanyi ne ya raunata ƙwayoyin ɓawon, ruwan cikinsu ya haɗu da iska, launi ya sauya. Muddin ba ta yi wari ko fumfuna ba, ana ci.

Wasu kuma na ɗora wa takin zamani laifin tumatirin da ya fito daga firij ya yi lami, cikinsa kamar gari. A nan ma sau da yawa sanyin ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin tumatir tana da bango, akwai kuma wani danƙo mai suna fektin da ke manne bangayen. Wajen nuna, sinadaran cikin tumatirin kan narkar da danƙon a hankali, shi ne ke kawo taushi da ruwa. Sanyi yana rikita wannan aiki, ya kuma rage ƙamshi. Abin takaicin shi ne illar ba ta cika bayyana ba sai an fito da kayan cikin zafi, lokacin mai saye ya riga ya biya.

Ko ɗan itacen kiwi, da manoman Niyu Zilan ke ajiyewa watanni kusa da digiri 0, idan ya wuce ƙa'ida cikinsa yakan jiƙe ya yi tsaki-tsaki.

Maganar cewa sanyi na tsawaita kwanan kaya kuwa gaskiya ce ga dabino, irin wanda ake nomawa a Dutse, da karas da kabeji, da duk abin da aka riga aka yanka. Ga tumatir da yalo, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, ta fi dacewa a lokacin rani, domin sanyinta ba ya kaiwa inda zai yi musu illa.